Likita na zaton sikilerozi, Inna ta ce sammu: in faɗa wa wanda zan aura?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 27, ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan Damagaram. Bara da bazara idona na hagu ya dushe, in na juya shi sai ya yi mini zafi, bayan sati uku ya washe da kansa. Bana kuma, wata biyu bayan an sa mini rana, ƙafata ta dama ta yi nauyi, ta mutu daga gwiwa zuwa ƙasa, har takalmi ya fita ban sani ba. Aka tura ni Yamai, aka yi mini hoton IRM na kai. Likita ya ce akwai tabo-tabo a ƙwaƙwalwa, yana zaton sikilerozi ce, ya rubuta SEP, gajeren sunanta da Faransanci, a takarda. Ya sa mini ƙarin ruwa kwana uku, na ji sauƙi, ya ce in dawo a yi wasu gwaje-gwaje. Ban koma ba saboda kuɗi. Yanzu gidanmu ya rabu. Inna ta ce sammu ne saboda auren. Yayana ya ce a sayar da filin da Baba ya bar mana a kai ni Indiya dashen ƙwayoyin halitta, ya gani a intanet ana warkewa. Wata abokiyar aikina kuma tana sayar da garin magani da ake kira ƙwayoyin halitta, kwali jika 60. Ni damuwata wanda zan aura. Biki bayan babbar salla ne, shi kuwa abin da ya sani kawai na yi ciwon ƙafa. Gwaggona ta ce in ja bakina, in an ɗaura an ɗaura. Anti, zan haihu? Zan gadar wa ƴaƴana? A keken guragu zan ƙare? In faɗa masa ko in yi shiru?

Ƙanwarki daga Birni

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Kin jero tambayoyi huɗu a ƙarshe, kuma zan amsa su. Amma abin da ya tsaya mini a rai yana tsakiyar wasiƙar, inda kika wuce shi da gudu: likita ya ce ki dawo, ba ki koma ba. Gidanku na ta ja-in-ja a kan fili da Indiya da sammu, alhali har yau ba wanda ya tabbatar da sunan ciwon. "Yana zato" kika ce. Ba a sayar da gado a kan zato, ba a kuma gina aure ko a rushe shi a kansa.

Ga abin da likitan ke nufi. Kowace jijiyar da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa da laka tana da riga mai kitse, ana ce mata miyalin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke ɓatan kai, ta far wa rigar ta gwaguye ta nan da can. Inda rigar ta lalace, saƙo sai ya yi jinkiri ko ya tsaya. In jijiyar ido ce, gani ya dushe. In ta ƙafa ce, takalmi ya fita ba ki ji ba. Bayan ƴan makonni kumburin ya sauka, jiki ya ɗan yi faci, sai a ce an warke, amma tabon na nan, kuma shi ne hoton ya nuna. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya yi bayaninta dalla-dalla tun 1868. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma ta fi farawa tsakanin shekara 20 da 40. Wajen 85 cikin 100 da irin taki take fara musu: ta zo, ta tafi, ta dawo. Idan kika je Kano za ki ji suna cewa MS, ita ce dai.

Wannan zuwa da tafiyar shi ke sa kowa ya ga maganinsa ne ya yi. Duk abin da aka sha a sati na uku, shi zai karɓi yabo, ko da ruwan randa ne. Ki riƙe wannan, don zai yi miki amfani da Inna, da abokiyar aikinki ma.

Inna ba maƙiyarki ba ce, tsoro ne ya cika ta. Ki tuna mata cikin ladabi cewa idonki ya dushe tun bara, kafin kowa ya san za a sa rana. Addu'a da tofi da rubutun sha ba su hana ƙarin ruwa, ki bar ta ta yi, ki ce amin. Inda za ki kafe shi ne tsaga, da ƙaho, da sakiya, da turara ƙafa a bisa garwashi. Ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa har ta yi gyambo ba ki sani ba. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, domin magungunan da za ki buƙata nan gaba suna son lafiyayyar hanta.

Masu bincike ma sun daɗe suna neman abin da ke tayar da wannan ciwo. A 2022 wasu masana na jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bin diddigin jinin sojojin Amurka fiye da miliyan 10 na tsawon shekara 20. Suka tarar haɗarin kamuwa da cutar yana ninkawa sau 32 bayan mutum ya kamu da wani bairos mai suna Epstein-Barr. Sai dai wajen 95 cikin 100 na manya duk suna ɗauke da wannan bairos tun ƙuruciya, ni da ke da wanda za ki aura, kuma ƙalilan ne ke yin cutar. Wato sai ya haɗu da wasu abubuwa, irin yanayin halittar mutum, da ƙarancin bitamin D, da shan taba. Ita kanta cutar ba a ɗaukarta, ko ta kwano ko ta shimfiɗa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. An daɗe ana cewa wannan ciwon Turawa ne, baƙar fata ba sa yi. Ba haka ba ne. Wani bincike a Kalifoniya a 2013 ya tarar mata baƙar fata sun ma fi farare kamuwa a can, mu kuma a nan ƙarancin na'urar IRM da likitocin jijiya ya sa da yawa ba a gano su. Amma akwai wata cuta mai kama da ita ƙwarai, ana ce mata cutar Devic ko NMO, wadda ta fi yawa a cikin ƴan asalin Afirka da Asiya fiye da Turawa. Ita ma ido da laka take kamawa, ita ma mata ta fi samu. Fiye da shekara ɗari ana ɗaukarta reshen sikilerozi ce, sai a 2004 masu bincike na asibitin Mayo a Amurka suka gano wata alama a jini da ta raba su. Gwajin ana ce masa AQP4, ki rubuta shi a takarda. Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne, wasu daga cikin sanannun magungunan sikilerozi, irin su intaferon da fingolimod da natalizumab, suna ƙara wa mai cutar Devic ciwo. Kuma ita Devic in ta tashi ba ta da sassauci, tashi ɗaya yana iya tafiya da ido. Mace baƙar fata da ta fara da ido, ta biyo da ƙafa, ba a ɗora ta a kan magani mai tsada sai an raba mata waɗannan biyun. Ina kyautata zaton abin da likitanki ya kira ki dominsa ke nan.

Ba su kaɗai ba ne kuma. A ƙasarmu akwai abubuwan da ke taɓa laka su yi kama da wannan: tarin fuka, da ƙanjamau, da tunjere, da ƙarancin bitamin B12, har tsargiya, wadda ƙwanta kan maƙale a laka ga wanda ya taɓa wanka a tabki. Kada ki ji haushi in ya rubuta waɗannan gwaje-gwajen, ba zargi ba ne, kowa ake yi wa. Wasunsu da ƙwayoyi masu araha ake warkar da su sarai. Zai so hoton IRM na laka, tun da na kai kawai aka yi, kuma zai so ya ɗebi ruwan baya, irin wanda muka sani lokacin sanƙarau. Mutanenmu na tsoronsa, ana cewa yana gurguntarwa. Allurar tana shiga ne ƙasa da inda lakar ta ƙare, abin da aka fi kuka da shi bayansa ciwon kai ne na ƴan kwanaki.

To, ki zaunar da Yaya ki ce masa, kuɗin mota zuwa Yamai da na waɗannan gwaje-gwajen ake nema yanzu. Kilomita wajen 900 ne, na sani, kuma hoton ba araha ba, amma bai kai ko kusa da kuɗin fili ba. Dangi su haɗa, ko ki ɗauki adashe. Kafin ki hau mota ki kira ki ji ranar da likitan ke ganin mutane, ki kuma tambayi inda ake gwajin jinin nan, don kada ki je ki yi zaman banza a gidan mutane. Ki tafi da hoton farko da duk wata takarda.

Dashen da Yaya ya gani gaskiya ne akwai shi, amma ba yadda bidiyo ke nunawa ba. Ana ɗebe ƙwayoyin asalin jini daga jikin mutum a ajiye, a ba shi magani mai ƙarfi irin na ciwon daji ya rushe garkuwar jikin, sannan a mayar masa da ƙwayoyinsa ta sake tsirowa. Yana aiki ga waɗanda cutarsu ta yi tsanani ta ƙi jin magunguna. Ana iya mutuwa a cikinsa, kuma yana iya kashe ƙwan haihuwa. Ke da kike tambayata ko za ki haihu, ke da ba a gwada miki ko magani ɗaya ba, ba layinki ba ne. Garin abokiyar aikinki kuwa, ƙwayar halitta mai rai ba ta zama a kwali a bisa kantar shago, ba ta kuma ratsa ciki ta je ta gyara jijiya. Ki gode mata ki riƙe jikunanki.

Ba mu kaɗai ake ruɗa ba. A 2009 wani likitan Italiya, Paolo Zamboni, ya ce toshewar jijiyoyin jini na wuya ce ke kawo cutar, a buɗe su a huta. Dubban mutane daga Kanada da Turai suka kwashi kuɗinsu suka bazama ƙasashe ana yi musu aikin, suna dawowa suna ba da shaida a Facebook. Da aka yi gwaji na tsanaki, aka yi wa wasu aikin gaske, wasu kuma na jeka-na-yi-ka ba tare da sun sani ba, sai ga shi babu bambanci. Shi Zamboni da kansa ya jagoranci wannan gwaji, sakamakon ya fito a 2017. Na yaba masa a kan haka, ba kowa ke iya ƙaryata kansa a bainar jama'a ba.

Maganin gaske yana nan, ko da yake ba ya tumɓuke cutar, hana ta tashi yake yi. Kafin 1993 babu ko ɗaya. A shekarar aka amince da intaferon, a 2010 ƙwayar sha ta farko ta fito, a 2017 aka samu okrelizumab, yanzu sun haura goma sha biyar. Yawancinsu sun fi ƙarfin aljihunmu. Wanda nake so ki riƙe sunansa shi ne rituksimab. Tsohon magani ne na ciwon daji na jini da ciwon gaɓɓai, ana sa shi a ƙarin ruwa kamar duk wata shida. Likitocin Suwidin sun daɗe suna ba masu sikilerozi shi, kuma a gwajin da suka wallafa a 2022, cikin shekara biyu 3 cikin 100 na masu karɓarsa ne ciwon ya tasar wa, a ɗaya maganin da aka gwada shi da shi kuwa 16 ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan dole na wannan cuta, tare da kiladribin da gilatirama. Shiga jeri ba shi ne zuwa kantar farmasi ba, amma dai ya fi sauran sauƙin kuɗi da sauƙin samu, kuma ana amfani da shi a cutar Devic ma. Ki tambayi likitanki ko ya dace da ke, shi ke da wuƙa da nama. Kafin a fara dole a duba ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a cikinmu, da tarin fuka, don maganin na iya tayar da su in suna kwance. In har za a taɓa filin nan wata rana, to a kan irin wannan ne, bayan suna ya tabbata.

Ƙarin ruwan da aka yi miki na kwana uku daban ne, kotizon ne mai yawa, yana gaggauta saukar kumburi amma ba ya hana dawowa. Kada jin daɗinsa ya sa ki fara sayen danginsa a hannun masu talla a faranti, irin ƙwayoyin da ƴan mata ke sha don ƙiba. Shan su kullum yana kawo ciwon suga da hawan jini, yana cinye ƙashi.

Sai tambayoyinki. Haihuwa: sikilerozi ba ta hana ciki. A da likitocin Turai har hana mata suke yi, sai a 1998 wani likita na birnin Liyon a Faransa, Christian Confavreux, da abokan aikinsa suka bi mata 254 masu ciki a ƙasashe 12. Suka ga tashin ciwon yana raguwa da wajen kashi 70 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe na ciki, ya ƙaru a watanni ukun farko na jego, sannan ya koma yadda yake. Abin da wannan ke nufi gare ki shi ne a tsara ciki da sanin likita, don wasu magungunan na cutar da ɗan tayi, a kuma shirya wa jego. Wankan ruwan zafi na kwana arba'in ba naki ba ne, ki fara sanar da Inna tun yanzu. In kuwa Devic ce, lissafin ya sauya, ciki ba ya ba da wannan hutun, sai an ƙara sa ido.

Gado: cikin ƴaƴa 100 da mahaifi ko mahaifiya ke da ita, biyu zuwa uku ne ke yi. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya na da ita, sau da yawa ɗayan lafiya lau. Ba ta bin tsarin sikila, da ake gwada ango da amarya a ce kun dace ko ba ku dace ba.

Keke: ba zan yi miki alkawari ba, akwai waɗanda ta kai su can. Amma hotunan da kike gani cikin dare a waya yawanci na mutanen da suka yi shekaru ba magani ne. Wani bincike a San Faransisko da ya fito a 2016 ya tarar, bayan kusan shekara 17 da fara ciwon, wajen 11 cikin 100 ne suka kai ga dogara sanda, kuma yawancin waɗanda aka bi suna kan magani. Akwai kuma abin da bai kamata in ɓoye miki ba: an lura a jikin ƴan asalin Afirka ta fi saurin yin ɓarna. Shi ya sa jinkirin nan naki ke damuna fiye da komai.

Wanda za ki aura kuwa, ki faɗa masa. Gwaggo tana duba ranar ɗaurin aure, ni ina duba wata na shida bayansa, ranar da za ki ce za ki Yamai ƙarin ruwa. Da izinin wa za ki tafi, da kuɗin wa? Me za ki ce in likita ya ce a jinkirta ciki, dangin miji kuma suna ƙirga watanni? Ciwon da ke son tafiya da tsari da kuɗi ba ya ɓoyuwa a ɗaki ɗaya. Ranar da ya gane, ba ciwon zai riƙe ba, ɓoyewar zai riƙe, danginsa kuma su samu abin faɗi har tsufanki.

Da bakinki za ki faɗa masa, kada ya tsinta a gari. In ya zo hira ki ce, "Ciwon ƙafar nan da na yi, likita na zaton daga jijiya ne, kuma yana iya dawowa. Akwai gwajin da ya rage. Ina so ka san halin da ake ciki kafin biki, in da hali ma ka ji daga bakin likitan." Ba sai kin jira sakamako ba, lokaci ya matso. In Yaya zai raka ki Yamai, shi ma ya biyo ku, ko a haɗa shi da likitan ta waya ya yi tambayoyinsa. Ki ba shi ƴan kwanaki, kada ki auna shi da fuskar da zai yi a daren farko, ke ma ai ba a rana ɗaya kika haɗiye labarin ba. Yana iya cewa a ɗaga biki har a ji sakamako, wannan ba gudu ba ne. Yana kuma iya janyewa. Zai yi ciwo, za a yi surutu a unguwa, amma gara yanzu da ranar da kike kwance da jariri a gefe.

Saura zafi, tun da a Damagaram kike. Tun 1890 wani likitan ido na Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya lura masu wannan ciwo ganinsu na dushewa in sun motsa jiki, daga baya aka gane zafin jiki ne ke jawo hakan. Jijiyar da rigarta ta lalace ba ta jure ko ɗan ƙarin zafin jiki. Don haka in watan Afrilu ya kama, kina tsaye gaban allo ƙarƙashin rufin kwano da azahar, kika ga rubutunki ya fara haɗewa, ƙafar ta fara jan ƙasa, kada ki firgita. Ki zauna, ki sha ruwan sanyi, ki jiƙa gefen mayafi ki ɗora a wuya. In ya washe bayan kin huce, tsohon tabo ne ya motsa, ba sabuwar ɓarna ba. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara ma haka suke yi, a yi maganinsu da wuri. Ki nemi shugaban makaranta ya ba ki aji mai iska, ki bar zuwa kasuwa da rana tsaka, azumi kuma ki ji ta bakin likita da malami. Kada ki ajiye aikin, kuma kada ki kwanta, tafiya da sassafe ko bayan la'asar tana taimakon ƙafar.

In sabon abu ya zo ya wuce kwana guda ba tare da zazzaɓi ba, ki kira likitanki. In kuwa ido biyu suka dushe tare, ko ƙafa biyu suka saki, ko fitsari ya ƙi fita, ko shaƙuwa da amai suka ƙi tsayawa kwana da kwanaki, kada a tsaya neman kuɗin Yamai ko jiran gari ya waye. A kai ki babban asibitin nan na Damagaram a ranar, da takardunki a hannu, ki nuna musu inda aka rubuta SEP, ki ce ba a riga an yi gwajin Devic ba.